Fuskar da Rana Ta Ɓoye

Tun daga yadda Malama ta turo ƙofar shagon babu sallamar nan tata mai haɗe da tsokana, Mai Hoto ya sha jinin jikinsa.

Ta ajiye wata ambulan kusa da kamarar da yake gogewa, ta zauna a kujerar masu hoton fasfo. Idanunta sun kumbura sun yi jawur.

"Buɗe ka gani," ta ce.

Aikin hannunsa ne. Hoton da ya ɗauka ranar da aka yi hutu a makarantar yaran da take koyarwa. Yara goma sha biyu a jere cikin fararen kaya, a tsakiyar fili, da rana tsaka. A ƙarshen layin ga 'yarta mai shekara huɗu, wadda kowa ke kira Tsuntsuwa saboda ba ta iya minti guda a wuri ɗaya.

Rigar yarinyar ta fito tas, har zaren ɗinkin wuya za ka iya ƙirgawa. Amma fuska babu. Sauran yaran ko yaya ana gane su, ita kuwa da take baƙa wuluk kamar mahaifinta, wani dunƙulen duhu ne kawai a saman farar riga.

"Na gani tun ranar da na wanke," ya ce a hankali. "Na yi niyyar sake ɗaukarta ita kaɗai, sai shugabar makaranta ta riga ni, ta raba hotunan."

"Ai kuwa ya isa hannun Hajiya. Mai Kemis ne ya kai mata da kansa."

Ya mayar da hoton cikin ambulan.

Shekara uku ke nan da mijin Malama ya rasu, kuma tun lokacin tana zaune a gidan surukarta Hajiya, ita da yarinyar. Wata takwas Mai Hoto yana neman aurenta. Hajiya ba ta taɓa cewa e ba, amma a 'yan kwanakin nan ta fara amsa gaisuwarsa har da tambayar aiki. Shi kuwa Mai Kemis ɗan ƙanin Hajiya ne, kullum yana gidan da ledar maganin hawan jini, kuma ba jinin gwaggonsa kaɗai yake aunawa ba. Kowa ya san inda idonsa yake.

"Me ta ce?"

Malama ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. Sai da ta yi mai isarta sannan ta share fuska da gefen mayafi.

"Ta ce yara goma sha biyu, jikarta kaɗai ce ba ka gani ba. Ta ce wanda bai ga yarinya da rana tsaka ba, ba zai gan ta ba ranar da ya samu nasa 'ya'yan. Ta ba ni zuwa ƙarshen mako in zaɓa. Ko in aure ka in bar mata Tsuntsuwa, ko in auri Mai Kemis mu ci gaba da zama a gabanta."

"A kan hoto ɗaya?"

"Ba ɗaya ba ne, biyu ne." Ta ja numfashi. "Jiya ta buɗe akwatinta ta ciro min wani tsohon hoto da ban taɓa gani ba. Baban Tsuntsuwa ne yana ɗan shekara huɗu, a ƙofar gida, cikin farar riga. Shi kaɗai ne hotonsa na yarinta a duniya. Wallahi kamar ka kwafa. Riga fes, fuska babu. Shekara talatin tana ajiye da shi tana jin haushin wanda ya ɗauka. Ta ce ta haifi yaro ta raine shi, amma yanzu in ta rufe ido ba ta iya tuna fuskarsa ta ƙuruciya."

Ya ajiye ƙyallen da ke hannunsa.

"Laifina ne, kuma ba zan ɗora wa rana ba. Kina tsaye a gefe kina ɗaure wa wani yaro igiyar takalmi. Na tsaya kallonki, na manta kamara tana kan otomatik. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, ban taɓa yin irin wannan sakacin ba."

"To ga abin da kallo ya jawo mana." Ta so ta yi murmushi, bai yiwu ba. "Allah ya sani ina sonka. Tun rasuwar nan ban yi dariya daga zuciyata ba sai da kai. Amma in har zaɓi ya zama dole, ka san wanda zan zaɓa. Ba zan kwana a wani gida 'yata tana wani ba."

"Da za ki zaɓe ni ki bar ta, da girmanki ya ragu a idona."

Wannan maganar ce ta sake ɓalle mata kuka. Shi ma ya juya yana gyara labulen bango da ba abin da ya same shi, don kada ta ga nasa idon.

* * *

Washegari da hantsi ya rataya jakar kamararsa ya nufi gidan.

Ya tarar da Hajiya a falo a kan doguwar kujera, ta miƙe ƙafafu. Tsohuwa ce mai kwarjini, sai dai yanar ido ta fara rage mata gani, in za ta kalli abu sai ta kawo shi dab da hancinta. A bango ga babban hoton marigayi na ranar aurensa. A ƙarƙashinsa kuma an jingina wani sabon hoto cikin firam mai ruwan gwal.

Tsuntsuwa ce, wai. Mai Kemis ne ya ɗauke ta da wayarsa, wayar ta wanke ta ta goge ta, har ta koma fara sol, kumatu sumul kamar 'yar tsana. Da a hanya Mai Hoto ya tsinci hoton, da bai san 'yar waye ba.

Shi kansa gwanin yana zaune a gefe, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, turarensa ya cika ɗakin.

Mai Hoto ya durƙusa ya gaishe da Hajiya. Ta amsa a taƙaice.

"Hajiya, na zo ba da haƙuri. Na ɓata hoton jikarki, kuma sakacina ne. Ina roƙon ki bar ni in sake ɗaukarta sau ɗaya a gidan nan. In bai yi miki ba, ba za ki sake ganin ƙafata ba."

"Gwaggo, ai an riga an yi hoto," in ji Mai Kemis, yana nuna firam ɗin da baki. "Ga shi nan, kuma ba a je makarantar koyo ba."

Hajiya ba ta kalle shi ba.

"Yarinya tana tsakar gida," ta ce. "Ga rana nan ta fito, babu abin da ya ɓoye. Tashi ka ɗauka yanzu."

Mai Hoto ya leƙa ta taga. Rana ta kusa kaiwa tsaka, simintin tsakar gida sai ƙyalli yake yi yana kashe ido. Ya san in ya ce to, ya gama da kansa. Ya kuma san in ya ce a'a, zai iya zama ƙarshen maganar.

"Ki gafarce ni, Hajiya. Ba yanzu ba."

Mai Kemis ya tuntsire da dariya. "Kin ji mai sana'a! Rana tsaka ma hasken bai ishe shi ba. Ko a kunna masa fitila?"

"Yawa ya yi, ba kaɗan ba," in ji Mai Hoto, kuma Hajiya yake wa magana. "Rana in tana saman kai, goshi ne ke shan haske, ido ya faɗa rami, yaro kuma ya dinga runtse ido. Ita kamara ba ta da hankali. In ta ga farar riga da farin fili, sai ta ɗauka haske ya yi mata yawa, ta tsuke idonta. Riga ta fito, fuska ta tafi duhu. In yaron baƙi ne abin ya fi muni. Aikin mai hoto ne ya hana ta, ya ce mata fuska nake so, riga ta yi yadda ta ga dama. Wanda ya ɗauki marigayi bai yi haka ba. Ni ma ranar ban yi ba."

Daga bayan labulen ƙofar ciki ya ji motsi, ya san Malama ce.

Hajiya ta juyo ta dube shi.

"Sai yaushe?"

"Sai inuwar katangar can ta rufe rabin tsakar gida. Bayan la'asar."

"To jira."

Ba ta ce ya jira a falo ba, don haka ya fita ya zauna a kan wani benci a gindin katanga. Awa huɗu da ɗoriya. Ba wanda ya kawo masa ko ruwa sai Tsuntsuwa, ita ma rabinsa a ƙasa ya ƙare kafin ta iso. Mai Kemis ya kai gwauro ya kai mari, ya gaji ya tafi shagonsa. Mai Hoto bai tashi ba sai don sallah. Yana zaune yana kallon inuwa tana rarrafowa a kan siminti, kuma duk lokacin da ya ɗaga kai sai ya ga labulen tagar Hajiya ya motsa.

* * *

Da lokaci ya yi, Malama ta fito da yarinyar cikin wannan farar rigar dai. Hajiya ce ta ce lallai ita za a sa.

Akwai bishiya a tsakar gidan, Malama ta nufi can da ita.

"A'a, ba ƙarƙashin bishiya ba," ya ce. "Rana tana ratsa ganye, za ta yi mata dabbare-dabbare a fuska. Nan bakin inuwar katanga, ta fuskanci fili."

Ya miƙa hannunsa na hagu a daidai inda kan yarinyar zai kasance, ya kara kamara a bayan hannun ya duba.

"Me kake yi kuma?" Hajiya ce, ta fito bakin ƙofa da sandarta.

"Haske nake aunawa, Hajiya. Ba za ta tsaya in auna a kumatunta ba, amma launinmu ɗaya da ita. Abin da ya yi wa hannuna daidai zai yi wa fuskarta."

Hajiya ta dubi hannun, ta dubi jikarta.

Ya buɗe idon kamarar fiye da yadda ita take so, ya sa ta a kan ƙiftawa mai sauri, don ɗaukar Tsuntsuwa da kamara mai nawa ɓata lokaci ne. Har yanzu dai gefen hagu na fuskarta da ɗan duhu. Ya waiwaya ya hangi farin zanin gado a kan igiyar shanya.

"Ina son wanda zai riƙe min wancan a cikin rana, ya karkato shi wajenta. Zai maido mata da haske mai laushi."

Malama ta yunƙura.

"Bar shi," in ji Hajiya. "Ba ni."

Haka tsohuwar nan mai ciwon gwiwa ta jingina sanda, ta tsaya cikin rana ta ware zani da hannu biyu. Nan take fuskar yarinyar ta buɗe, baƙinta ya yi sheƙi, har wani ɗan haske ya sauka a cikin ƙwayar idonta.

Sai dai Tsuntsuwa ba a banza ta ci sunanta ba. Ta bi kyanwa. Ta dawo ta leƙa cikin jakarsa. Ta tsuguna tana tono da tsinke. Ta ɓuya a bayan zanin. Shi kuwa ya zube gwiwa biyu a kan siminti don idon kamara ya yi daidai da nata, yana bin ta da jan gwiwa, wandonsa ya yi futu-futu. Bai ce mata ta tsaya ba, bai ce ta yi dariya ba. Duk lokacin da ta fita daga inuwa sai ya sauke kamara ya jira.

Inuwa tana ta tsawo, haske yana raguwa. Sau biyu yana sake aunawa a hannunsa. Gumi ya jiƙa masa baya, ya san saura 'yan mintuna hasken ya ƙwace masa.

Hannun Hajiya ya gaji, haƙurinta ya ƙare.

"Ke! Don gidanku, ba za ki tsaya ba?"

Yarinyar ta tsaya cak a bakin inuwa. Ta karkata kai, ta ɗage gira ɗaya, ta ciji leɓen ƙasa tana danne dariya, wani ɗan rami ya lotsa a kumatunta na hagu.

Ƙyas, ya danna kamara.

Kafin Hajiya ta sauke numfashi, Tsuntsuwa ta kai bakin famfo.

* * *

Hotuna arba'in da uku ya ɗauka. Da ya baje su a kwamfuta a shagonsa da safe, da yawa sun yi kyau, irin kyan da kowace kaka za ta yi murna da shi ta sa albarka.

Da ya iso kan na ƙarshe sai hannunsa ya tsaya.

Ya san wannan girar. Ya san wannan leɓen da ramin kumatun. Jiya ya gan su a bangon falon Hajiya, a fuskar ango.

Ya daɗe a zaune. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Matar da take riƙe da jika don ta rasa ɗa, in ka nuna mata ɗan a fuskar jikar, sakinta za ta yi ko ƙara damƙewa? Ga wasu arba'in da biyu da ba za su tayar da komai ba. Ya kai hannu kan wani da take dariya da kyanwa, ya janye. Ya sake kaiwa, ya sake janyewa.

A ƙarshe dai hoton ƙarshen nan ya wanke, babba, yadda mai raunin ido za ta gani.

Ya tarar da su duka a falo. Mai Kemis a kujerarsa ta jiya, Malama a ƙasa kusa da ƙofa, kanta a sunkuye. Ya durƙusa ya miƙa wa Hajiya hoton.

Hajiya ta karɓa, ta tashi da kyar ta je bakin taga. Ta kawo hoton dab da fuskarta. Rigar ta ɗan ƙone da haske a kafaɗa, ba a ganin zaren ɗinki. Amma fuskar tana nan duka, har gashin gira.

Sai suka ji wani sauti ya fito daga ƙirjinta, mai kama da nishi.

"Ɗana ne," ta ce. "Wayyo Allah, ɗana ne. Haka yake yi min in na yi masa tsawa. Haka, wallahi haka." Ta shafa kumatun da ɗan yatsa, hawaye na bin tamojin fuskarta. "Kullum tana gabana, ba ta tsayawa in gan ta, idon ma ya ƙi. Ashe yana gidan nan ban sani ba."

Ta rungume hoton a ƙirji, ta juyo.

"To yanzu ta yaya zan bari ta fita daga gidan nan?"

Malama ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka. Mai Kemis ya gyara zama, ya sauke ajiyar zuciya. Mai Hoto bai yi mamaki ba. Ya jawo jakarsa.

"Na yi alkawari, Hajiya. Allah ya raya ta. Na bar ku lafiya."

"Tsaya." Ta ƙura masa raunanan idanunta. "Ka san wanda ka kawo min?"

"Na sani. Na ga hotonsa a bango."

"Shi kaɗai ka ɗauka?"

"Akwai arba'in da biyu."

"Kuma ka san in na ga wannan zan ƙara riƙe ta."

"Na yi tunanin haka."

"To me ya sa ka kawo shi? Wauta ce ko me?"

"Don ita ce haka, Hajiya. Sau ɗaya na ɓoye mata fuska bisa kuskure. Ba zan rage mata ubanta da gangan don in samu uwarta ba."

Hajiya ta sake duban hoton. Babu abin da ake ji sai shessheƙar Malama da muryar Tsuntsuwa a waje tana yi wa kyanwa faɗa.

Sannan ta dogara sanda ta je gindin bango, ta ɗauki firam ɗin nan mai ruwan gwal, ta miƙa wa ɗan ƙaninta.

"Ungo. Ka mayar wa iyayen wannan farar yarinyar kayansu. Ni ban san ta ba."

"Gwaggo, ai gyara ta na yi..."

"Na gani. Ka gyara ta har ɗana ya fita. Allah ya yi maka albarka, ka kyauta min da magani, amma je ka."

Ya tashi fuu ya fita, ko ledar maganinsa bai ɗauka ba.

Hajiya ta koma ta zauna, hoton a cinyarta.

"Ke, share hawayenki ki matso. Kai ma matso." Suka matso. "Na so in tsare ta a gabana don kada wani ya mantar da ita waye ubanta. Wanda ya ja gwiwa a siminti yana neman fuskarta, ba shi nake tsoro ba. Ku yi aurenku. Ta bi uwarta."

Malama ta kama ƙafar surukarta tana kuka tana godiya, maganar ma ba ta fita.

"Ban gama ba," in ji Hajiya. Ta dubi Mai Hoto. "Likita ya ce idon nan ba zai wuce shekara biyu ba. Duk ƙarshen mako za ka kawo min ita, bayan la'asar, ka tsayar min da ita a takarda in gani. Ina so in ƙoshi da fuskar nan kafin nawa hasken ya tafi."

"In Allah ya yarda, Hajiya."

Ta share ido da bakin mayafi, ta sake kawo hoton dab da fuskarta.

"Kuma kada ka wahalar da kanka neman mai riƙe zani," ta ce. "Ni zan riƙe."